Kaset ɗin Maidawa

Maigidana malamin lakwal ne, wato makarantar boko. Sunansa Zakariya'u, kuma daga nan ba zan sake kama sunan ba. Duk unguwarmu ta Zariya Mushe ake ce masa, yadda ake kiran malaman boko a nan, ni ma haka nake ce masa, musamman in ya ba ni haushi. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya shan taba, ba ya zaman fada, ba ya shiga sabgar kowa. Ciwonsa guda ne, kayan makaɗa.

Ɗaki sukutum ya ware musu a gidanmu, kuma ɗakin da ya fi kowanne kyau. Akwai kukumar wani makaho da ya yi zamani a bakin babbar kasuwa. Akwai kalangun da jikinsa ya yi baƙi da gumin mai shi, da hular wani maroƙi da har yau take warin man shanu. Hotuna kuwa ba a magana. Yawancin makaɗan ba su iya rubutu ba, sai ya riƙa yawo da tawada a aljihu, duk wanda ya ɗauka hoto sai ya dangwala masa babban yatsa a bayan hoton. Takardun ajami na wani mawaƙin Jiratawa kuma ya naɗe su ya zuba a sabuwar tukunyar ƙasa, ya rufe da faifai. Ni ce mai sharar ɗakin, don haka na san tarihin kowane tarkace, ko ina so ko ba na so.

Abin da ya fi ji da shi duk a ciki shi ne kaset ɗin Maidawa.

Maidawa mai garaya ne, daga wani ƙauyen Anna a bayan Tsibiri, irin mutanen da har yanzu suke kan al'adar kakanninsu. Mushe ya je ya ɗauki kiɗansa a manyeto, injin ɗaukar murya, tun yana saurayi, kafin ya san da ni. A cewarsa, akwai wani take a cikin kaset ɗin, na Doguwa, iskar gidan su Maidawa, wanda ba a kaɗa shi a kasuwa ko a biki, kuma ban da Maidawa ba wanda ya iya shi. Shekarar babbar yunwa Maidawa ya rasu. Mushe ya kai musu buhun hatsi da gaisuwa, ya dawo da garayar a rataye a kafaɗa, wai kyauta suka ba shi. Na ce masa, mutanen da ke cin tafasa ba gishiri ka kai wa buhun hatsi, sannan ka tsaya kana kallon garaya, me kake so su ce maka? Sai ya je ya nemo ƙusa ya kafa ta a bango.

Kaset ɗin kuwa ko ni ban taɓa jin sa ba. Dalili, wata rana manyeto ya tauna masa kaset ɗin wata zabiya, ya zauna a tsakar gida ya yi hawaye kamar an yi masa rasuwa. Daga ranar ya rantse na Maidawa ba zai sake shiga bakin inji ba sai ya sami wanda zai kwafe shi lafiya. Ya naɗe shi a farin ƙyalle, ya sa a gwangwanin biskit, ya ɗora a can saman bango, daf da kwanon rufi. Ya ce nan ɓera ba ya kaiwa, ruwa ba ya kaiwa, hannun yara ba ya kaiwa, kuma abu mai daraja ai sama ake ajiye shi.

Ɗan Maidawa, Ɗanlami, ya taɓa zuwa bayan yunwar ta wuce. Ya ce yana son a sa masa kaset ɗin ya saurara, ko ya kama wani abu daga hannun mahaifinsa. Mushe ya karɓe shi hannu bibbiyu, na dama masa fura, aka zagaya da shi ɗakin, aka nuna masa garayar ubansa a bango kamar baƙo. Da aka zo kan kaset sai Mushe ya ce ya ɗan yi haƙuri, yana tara kuɗin injin kwafa mai baki biyu. Ɗanlami ya yi godiya ya tafi.

Injin bai samu ba. Aka yi taron ƙasa, aka ce dimokuraɗiyya ta zo, kowa ya ɗinka rigar farti, wato jam'iyyarsa. Albashi ya fara zuwa yana tsallake, daga baya ya manta hanya. Darajar sefa, kuɗinmu, ta faɗi, lakwal ta shiga yajin aiki, na koma soya ƙosai a ƙofar gida. Mushe ya sayar da ɗan babur ɗinsa mobilet da agogonsa da babbar rigar aurenmu, amma ko zaren hula bai fita daga ɗakin nan ba. Na yi faɗa har na gaji. Makaɗan gari kuma duk suka hau bayan motocin farti, don can ake samun na cefane. Na taɓa hango Ɗanlami a ɗaya, yana dukan ganga yana kallon gefe.

Wata ranar bazara, rana ta take sosai, sai ga amalanken jaki a ƙofarmu. Ɗanlami ne, ya ɗauko wata tsohuwa ya shigo da ita a hannu kamar damin kara. Na shimfiɗa tabarma a rumfa, na kawo ruwa. Ta sha kaɗan, ta ɗaga ido ta nemi Mushe.

"Ɗana, ka gane ni? Ni ta Kyauta, matar Maidawa."

"Haba Dada, ina zan mance ki? Sannu da hanya. Ina gajiya?"

Bayan gaisuwa Ɗanlami ya yi bayani, kansa a ƙasa. "Tun da sanyi ta kwanta, Mushe. Mun kai ta likita, sun ba ta ƙwayoyi, ba sauƙi. Ta ce Doguwar gidanmu ta, kuma ba ta sakin ta sai an yi mata takenta. Mun biɗi masu garaya har Jiratawa. Waɗanda sunka san tsohon kiɗi sun mutu, sauran ba su san komi ba sai waƙar farti."

"Ba mu zo amsar komi ba," in ji Dada. "Kunna muna shi dai sau guda. Ni in ji, shi ko yaron ga shi kama."

Ni ban yarda da iskokinsu ba, Allah ya sani. Amma na ga idon tsohuwar, na kuma ga wuyan hannunta, tausayinta ya kama ni ƙwarai.

Mushe ya fara 'yan kame-kame. Ya ce kaset ɗin ya tsufa, ya ce injinsa ba abin yarda ba ne, ya ce in suka bari zuwa bayan damina, wataƙila an biya albashi. Nan na kasa haƙuri.

"Mushe, dube ta da kyau. Wace damina?"

Ya dube ta, sannan ya sa takalmi ya fita. Sabon Gari ya je, wurin wani Hamidu mai kwafar kaset, wanda ya sha yi masa tayin aron inji yana ƙi, wai kan injin ya yi datti da waƙoƙin siyasa. Ya dawo da injin a ka yana gumi. Sabon kaset kuwa babu a kasuwa, 'yan farti sun kwashe, sai Hamidu ya zaro masa ɗaya daga tarin na waƙoƙinsu ya ce ya kwafa a kan abin da ke ciki, su ba su ƙarewa. Kuran ma, wato wutar lantarki, an ɗauke tun safe. Muka cire pil, wato batir, na rediyo da na tocila muka haɗa.

Ya jawo turmina ya taka, ya miƙa hannu saman bango. Na ga yadda ya riƙa sauya gwangwanin daga hannu zuwa hannu kafin ya sauko, don zafi, kamar an ɗauko shi daga murhu. Shekara nawa yana can ƙarƙashin kwano, bazara bayan bazara, kuma ba wanda ya taɓa tunanin haka a cikinmu.

Ya warware ƙyallen. Kaset ɗin ya ɗan lanƙwashe, amma ya shiga. Ya yi bisimilla, ya danna na ɗauka da na kunnawa tare.

Da farko shuu kawai muke ji. Sai ga muryar wani saurayi, siririya, cike da jin kai, wadda sai da na dubi Mushe kafin na yarda tasa ce. Ya faɗi sunansa, ya faɗi sunan ƙauyen, ya ce yana zaune tare da Maidawa sarkin garaya. Sannan ya ce, "Na ɗauki wannan kiɗa ne don kada ya ɓace."

Wani ya yi gyaran murya, dattijo, ya ce, "Kyauta, matso da ƙwaryar ga kusa."

"Ga ni," in ji Dada. Ta yunƙura a kan tabarmata, ta matso kusa da injin.

Tsirkiya ta yi ƙara sau ɗaya, mai zurfi, har na ji ta a ƙirjina. Ta biyu ta taso, sai ta ja, ta yi nishi, ta lanƙwashe. Injin ya yi ƙas ya tsaya.

Mushe ya zaro kaset ɗin, ya sa biro yana juyawa a hankali. Zaren ya manne da juna kamar alewar da ta sha rana. Da ya ɗan ja, sai ya taho fari fat, ana ganin haske ta cikinsa, abin da ke kai kuma ya zube masa a yatsu, gari-gari, ruwan ƙasa. Ya sake ja, haka. Ya juya ɗaya gefen, haka. Ya zauna yana kallon yatsunsa, bai san inda zai goge su ba. Takardun da ya jefa a tukunyar ƙasa suna nan lafiya lau har yau, wanda ya fi so ne ya kai wa rana da hannunsa.

Can ya tashi ya shiga ɗakin, ya ciro garayar daga ƙusa, ya durƙusa ya miƙa wa Ɗanlami da hannu biyu. Ɗanlami ya juya ta. Fatar ta bushe ta tsage daga gefe. Ya ɗan ja tsirkiya don ya ɗaure, ta tsinke ta doke shi a yatsa.

"Ko da lahiya take, Mushe, mi zan kaɗa? Hannuna bai faɗa ba sanda ka ɗauke ta."

Dada ta karɓa ta shafa wuyan garayar, inda hannun mijinta ya cinye icen. Ba faɗa a muryarta, kuma wallahi da ta yi faɗan da ya fi sauƙi.

"Shi kullum da sahe sai ya shahwa mata mai, shi kaɗa ta, ko ba kowa gida. Na zaci kai ma hakanan kakai."

Sannan ta juyo wurina. "Ɗiyata, ara mini ƙwarya."

Na kawo mata ta dama fura. Ta kife ta a tabarma, ta fara bugawa da yatsu. Ta buga, ta buga, sai ta tsaya, hannunta a sama, kanta a karkace tana jira. Ta sake bugawa, ta sake tsayawa. "Nan shi kan shigo," ta ce wa Ɗanlami. "Nan ma." Ita ƙwarya ta riƙa kaɗa wa mijinta duk zamansu, nata rabin ta sani, nasa kuwa ba ta iya ko rera shi. Ɗanlami ya kasa kunne a kowane gurbi kamar wani abu zai fito. Ba abin da ya fito sai kukan jakinsu a waje. Na shiga madafa na yi kukana, don ban iya kallo ba.

Da la'asar suka yi shirin tafiya. Mushe ya ciro kwafin, ɗan abin da aka samu, ya ce ta tafi da shi, ai akwai muryar Maidawa a ciki. Ta girgiza kai.

"Bar shi nan, ɗana. Ya ce in matso, na ji."

Ko hatsi bai fid da kai ba wata mai itace daga Tsibiri ta kawo mana saƙon rasuwarta. Mushe ya je gaisuwa a ƙasa ya dawo. Ɗanlami ya koma bayan motar farti, garayar ma a zaurenmu ya bar ta.

An yi juyin mulki, an yi zaɓe, an sake yin wani, lakwal tana buɗewa tana rufewa. Mushe bai ƙara kawo ko tsinke ɗakin nan ba, bai kuma fitar da komai ba. Har yanzu ni ke sharewa. Shi kuma bayan azahar yakan shiga ya turo ƙofa, ya sa kwafin a tsohon manyetonsa. Ina tsakar gida ina jin komai. Saurayin ya ce don kada ya ɓace, dattijon ya kira matarsa, tsirkiya ta yi ƙara sau ɗaya. Daga nan sai gangunan farti da ke ƙarƙashi su ɓarke da ihu, inda injin ya daina ɗauka.

Sai in ji ya danna, ya mayar da shi farko.