Azarar Gida Biyu

Ranar da ƙungiyar unguwa ta yanke shawarar rushe zauren taro, Malam Badaru magini bai ce uffan ba. Mutanen Toranke sun san shi da tsawon harshe, mutum ne da zai tsaya ya yi wa karkatacciyar katanga faɗa kamar tana jinsa. Shi ya sa shirun nasa ya fi surutunsa damun jama'a.

Zauren na ƙasa ne. Mahaifinsa ne ya jagoranci gininsa shekara sittin da suka wuce, shi kuwa yana saurayi yana cilla tubali. A ciki ake sasanta rigimar gona, nan ake fakewa da ɗaurin aure idan ruwa ya tsuge, nan dattawa da yawa suka fara rubuta sunansu a ajin yaƙi da jahilci. Yanzu 'yan unguwar da ke birni sun aiko da siminti da kwano, a yi na bulo a gurbinsa. Ba mugunta ba ce. Rufin yana yoyo ta gabas, kuma damina uku ke nan ba wanda ya fito yaɓe. Badaru ya san haka, amma abin yana ci masa rai, don ba ya so ya ga kwanciyar ginin nan da idonsa.

Musbahu, shugaban ƙungiyar, ya same shi a ƙofar gida.

"Baba, an ce lokacin ginin kowane gida ya kawo azararsa. Muna so kowa ya ɗauki tasa, kada a yi rigima. Kai kaɗai ka san ta wane da ta wane."

"Na sani, ɗana. Sai dai ba a zare azara sai mai ita yana tsaye a wurin. Haka muka gada."

Ko haka aka gada, ko a ranar gadon ya fara, Allah ne masani.

Ranar Asabar da hantsi zaure ya cika. Cikin waɗanda suka zo har da Zubair da Abdulsalam, maƙwabtan gona, waɗanda suka shekara tara ba sa ga maciji a kan wata ɗorawa da ta fito a kan iyaka. Ɗaya ya zauna a bakin ƙofa, ɗaya can ƙurya.

Kowa ya zaci ta inda ke yoyo za a fara. Badaru ya sa aka jingina masa tsani a tsakiya, jikin bakan gizo, wato bakan ginin da ke ɗauke da rufin. Ya hau a hankali, ya dinga ɓamɓare yaɓen da ɗan gatari har wasu azara biyu suka bayyana, an ɗaure su tamau da igiyar kaba. Igiyar ta yi baƙi ƙirin, amma ko gezau.

"Mai sara uku ɗin nan ta Malam Kabo ce, mahaifin Zubair," in ji shi. "Ta jikinta ta Malam Surajo ce, mahaifin Abdulsalam. Azara ɗaya ba ta isa tsawon baka, dole a haɗa. Kabo ya tufka igiyar, Surajo ya ɗaure, ina tsaye."

Ya sauko, ya zaro wuƙa daga aljihu.

"Ni ban ɗaura ba, ba zan kwance ba. Ɗayanku ya hau ya yanke, kowa ya ɗauki tasa."

Zubair ne ya miƙe ya karɓa. Zubair kuwa mutum ne mai zuciya, kuma dabarar tsoho ba ta wuce nan ba. In ya yanke, shi ke nan, kafin la'asar rufin yana ƙasa.

Zubair ya hau. Ya daɗe yana shafa ƙullin da babban yatsa, har wasu suka fara gyaran murya.

"Ƙullin Baba Surajo ne," ya ce, ba tare da ya waiwayo ba. "Haka yake ɗaure mangala. Shi ya koya min, babana ba shi da haƙurin koyarwa."

Ya sauko ya ratsa mutane har ƙurya, ya miƙa wa Abdulsalam wuƙar. Abdulsalam ya dube ta, ya dubi sama, ya girgiza kai.

"Mayar wa mai ita, Yaya."

Musbahu ya cire hula ya sosa ƙeya. Can ya ce ai akwai fili a bayan firamare, siminti kuma ba ya zaɓen wuri. Babu wanda ya musa.

Badaru ya zauna a matakin tsani. Daɗi ya cika shi har yana jin kunyar a gane. Sai ya ɗaure fuska, harshen ya dawo.

"To kun tsaya kuna kallona. Na buɗe bango, ga hadari yana haɗowa. In ruwa ya taɓa igiyar nan, ba sai an sa mata wuƙa ba. Wa zai kawo ƙasa?"

Abdulsalam ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Yaya Zubair, amalankenka yana gida?"

"Yana nan. Shanun ne suka tafi kiwo."

"Nawa suna ɗaure. Mu je."