Janareta Ya Yi Zafi

Injin ƙulla ruwan leda ya tsaya karo na uku tun safe, jar fitila tana ƙiftawa, allon ya rubuta: RUWA YA GURƁACE. Ummakulsum ba ta kai ga taɓa komai ba sai ga kawunta, Alhaji Hamzat mai gidan ruwan, ya faɗo yana tattare babbar riga.

"Motar 'yan kasuwar Kwari tana ƙofa tun ƙarfe goma! Wannan ne otomatik ɗin da kika karanto a jami'a?"

"Kawu, aikinsa ya yi. Sensa ita ce ido, ta ga laka a ruwan bohol. Ta sanar da kwanturola, shi ne ƙwaƙwalwar, shi kuma ya rufe bawul. Awa ɗaya kawai, ruwan zai kwanta."

"Ido! Ƙwaƙwalwa! Shekara goma sha tara Gana yana kula da tankin nan, bai taɓa ce mini ruwana ya gurɓace ba. Ki mayar da shi na hannu kafin azahar, ko in sa a kwance tarkacen nan."

Ya fice. Ummakulsum ta tsaya tana kallon ɗan makullin da ke jikin allon. Murɗawa ɗaya, injin ya daina jin maganar sensa, lakar kuma ta shiga leda ta bazu Sabon Gari.

"Injiniya, dakata."

Baba Gana ne, daga bencinsa na bakin ƙofa. Saboda na'urarta aka ce masa ya huta a ƙarshen wata, tun daga ranar take kasa haɗa ido da shi.

"Duk daren da aka yi ruwan sama, da safe bohol ɗin nan sai ya yi laka," in ji shi. "Ni ma kashewa nake yi."

"Kawu ya sani?"

"Ina! Ce masa nake janareta ya yi zafi. Ya yi wa janareta faɗa, ya yi wa Ugochukwu makanike faɗa, ya koma ofis. Alhaji zai jure komai, amma ban da a kushe masa ruwa."

 Ummakulsum ta jawo kwamfutarta ta jona da allon. Ba ta taɓa sensa ba, ba ta taɓa bawul ba, layi ɗaya tak ta goge ta sake rubutawa.

Da Alhaji ya dawo ya sa tabarau, ya karanta a hankali: JANARETA YA YI ZAFI.

"Na faɗa! Tun yaushe nake cewa janaretan nan ne? Ashe abin naki yana da hankali."

"Sai dai ba ya iya fifita janareta, Kawu. Dole a bar wani a kusa da shi."

"To, Gana ya zauna mana! Gana, kira mini makaniken nan."

Baba Gana ya laluba aljihu ya ciro waya, ya koma gefe.

"Ugo, Alhaji yana nemanka."

"An yi ruwa jiya ko?" in ji Ugochukwu.

"An yi."

"To, ga ni nan. In ɗauko sifana?"

"Ɗauko babbar, ya fi son ganinta."