Tabarmar da ba ta ga rana ba

Vasiti ta ɗaga katifar, warin fumfuna ya daki hancinta. A falo gawar mijinta Peceli na kwance, mata na ta shigowa da gwaza da rogo, ƙafafunsu duk taɓo. A bakin kogin Rewa ruwa ba ya sallama, in ya tsagaita ma iskar kanta a jiƙe take. Gishiri ya narke a gwangwani, takalmin zuwa coci ya tsiro gashi.

Tabarmar da za a naɗe Peceli da ita take nema, wadda ta saƙa da hannunta, mai lallausar saƙa da bakin jan ulu. Matan garin da sun ga rana ta leƙo sai kowa ta fito da nata ta shanya a ciyawa. Ban da Vasiti. A al'adar garin, abin da dangi suka gani suka roƙa ba a hana su, ga yayar mijinta Karalaini da ido kamar na shirwa. Shi ya sa tun da ta gama saƙar ta danne ta a ƙarƙashin katifa, ta ja bakinta ta yi shiru.

Ta kama gefe ta ja. Gefen ya biyo hannunta, sauran ya zauna, baƙi ƙirin, yana marmashewa. Ta zauna a ƙasa. Mutum ya tafi kabari ba shimfiɗar matarsa, wannan magana sai jikoki sun ji ta.

"Maman Semi, maza na jira," in ji Karalaini daga bakin ƙofa. Ta leƙo, ta ga ruɓaɓɓiyar tabarmar.

"Yaya, ɓoye ta na yi."

"Don wa?"

Vasiti ta sunkuyar da kai.

"Don ni ke nan. Kaico. Duk garin nan wa bai san da ita ba? Ta taga muke kallon ki kina saƙa. Mun san ta ƙanena ce, wa zai roƙa? Jira kawai muke ki shanya mu yaba."

Karalaini ta fita cikin yayyafi, ta dawo da ƙunshi a cikin leda. Tabarmarta ce, wadda ta tanada don ranar tata tafiyar, wadda Vasiti ta sha yi wa dariya wai ana shanya ta don a gani. Ƙamshin rana ne a jikinta.

"Yaya, ke kuma a naɗe ki da me?"

"Ki saƙa min wata. Ba inda za ni sai kin gama."

Da ita aka binne Peceli, ana tsamo ruwa daga ramin da bokiti.

Vasiti na nan kan saƙar, a bakin ƙofa inda kowa ke gani. Masu wucewa dai sun ce ba ta sauri ko kaɗan.