Wankin da Na Yi a Bakin Tafki

A tsohon garinmu, kafin ruwan Kainji ya cinye shi, kowace yarinya ta san dokar kogi: ruwan sha daga sama, wanki daga ƙasa. Abin da ka zubar, Kwara ta tafi da shi. Haka Inna ta koya mini, da shi kuma na tare a sabon garin da aka gina mana kusa da Yelwa.

Ɗana Jabiru yana da wata tara gudawa ta kama shi. Tsummokaransa suka taru, ni kuwa ban yarda in wanke su a tsakar gida inda yake rarrafe ba. Sai in zuba su a daro, in wuce mashayarmu, in gangara wajen da a da shi ne ƙasa, in wanke, in juye ruwan a tafki. Sau biyu a yini, har kwana huɗu. Na lura kumfar sabulun ba ta tafiya, sai yawo take a bakin gaɓa. Da idona na gani. Na ce a raina iska ce.

Can bayan wata 'yar kwana da gaɓar tafkin ta yi akwai bukkokin manoman da suka sauko daga tudu. A nan Marka take da ɗiyarta Dudu, wadda ta girmi Jabiru da shekara guda. Mukan yi wa juna kitso.

Jabiru ya warke ranar Laraba. Ranar Juma'a aka ɗauki Dudu a kwalekwale zuwa asibitin Yelwa, ita ma gudawa ta kama ta.

Da safiyar Asabar duba-gari, Malam Cindo, ya tara mata a mashaya.

"Ina kuke wanki?"

"Ƙasa mana, Malam," in ji wata tsohuwa. "Tun ba a haihe ka ba."

"To, Inna, nuna mini ƙasan."

Aka yi dariya. Ya karya karan dawa ya jefa daidai inda nake tsugunawa. Muka bi shi da ido. Karan ya juya, ya tsaya, ya sake juyawa, sannan a hankali ya zagaya kwanar ya je ya kwanta inda Marka take nutsa tulunta.

"Wanga ba kogi ba ne yanzu," ya ce. "Ba shi da sama, ba shi da ƙasa. Abin da kuka zuba yana nan tare da ku."

Ba wanda ya dube ni. Na gyara goyona.

Ya nuna mana yadda za a haƙa rami nesa da gaɓa, a zuba duwatsu da gawayi da yashi, ruwan wanki ya tsane a ciki. A ranar na sa mijina Lawali ya haƙa namu. Ya ce, "Hansatu, wagga gaggawa fa?" Na ci gaba da jido duwatsu.

Dudu ta rasu ranar Litinin.

Lawali ya ce kwana ne ya ƙare, kuma ba ni kaɗai nake wanki a wurin ba. Gaskiya ne. Amma ni na san abin da yake cikin darona.

Bayan kwana bakwai na je. Na tarar da Marka tana sussukar dawa. Na durƙusa na faɗa mata komai, har kumfar da na gani na kau da kai. Ba ta ajiye taɓarya ba sai da na gama.

"Naki ya warke?"

"Ya warke, Yaya."

Ta daɗe tana kallon ƙafar Jabiru da ta leƙo daga goyo.

"Kin faɗi, na ji," ta ce. "Tashi ki tai, rana na dukan shi."

Na tashi. Ina tafe ina jin ta ci gaba da sussuka.