Sakatar Lowell

Tun da mijina Lowell ya yi ritaya, da sanyi ya fara cizo a Minnesota muke tattara komatsanmu mu shiga motar-gida, mu ja ƙaramar motarmu a baya, tayoyinta duka a ƙasa, mu nufi Arizona. Ɗaura ta aikinsa ne shi kaɗai. Shi zai haɗa sandar ja ya zura mata sakata biyu, ya gicciya sarƙoƙi, ya sa giya a firi, ya murɗa makulli don kada sitiyari ya kulle. Nawa aikin in tsaya a baya, in ya taka birki fitila ta kama in ɗaga masa hannu. Ko kallon sakatar na cika yi sai ya ce ina rikita shi.

Bana kuwa muka tsaya shan mai muka tarar sakata ɗaya babu, sarƙa ce kawai ta rufa mana asiri. Bayan 'yan kwanaki aka sake.

"Hoyt ne," in ji Lowell. "Tun da na ce ya kashe janaretansa yake cike da ni."

Hoyt wani ɗan Texas ne da muke ayari ɗaya, kullum zangonsa na jikin namu. Ni ma jinina bai taɓa haɗuwa da nasa ba, mutum sai dariya ba dalili da leƙe-leƙen motocin mutane. Nan take na yarda. Har kek ɗin da matarsa ta aiko na ƙi ci. 'Yarmu Jolene kuwa ban bari ta ji ba, don ta daɗe tana neman hujjar karɓe makullin babanta, ta sayar da motar, ta ajiye mu a ɗaki kamar tsofaffin kujeru.

Ranar da za mu tashi daga wani zango a New Mexico na kafa kaina a tagar baya da kofin shayi, na rantse sai na kama shi da idona. Lowell ya gama ɗaurawa, ya zagaya, ya shiga banɗaki. Sai ga Hoyt, ya tsaya, ya sunkuya kan sandar. Na fito a fusace.

"Me kake nema a nan, Hoyt?"

"Duba da kanki, Verna," ya ce a hankali. "Bai sa ta ba. Shekaranjiya ma tawa na zura masa na yi shiru. Na rasa ta inda zan fara gaya miki."

Gaskiya ban ga ya taɓa komai ba. Na leƙa ƙaramar motar, giya ba ta firi, sitiyari a kulle. Ashe mantuwa ce ta fara kama Lowell. Kunya ta kama ni, tsoro ya biyo baya.

Lowell ya fito yana goge hannu, kan sakatar na leƙowa daga aljihun rigarsa. Ya bi inda nake kallo, ya zaro ta, ya daɗe yana jujjuya ta. Hoyt ya sulale ya ba mu wuri.

"Yau ni zan tuƙa," na ce. "Ai bayanka na ciwo."

Na zaci zai tayar da ƙura, mutumin da ko ribas bai taɓa bari na yi ba. Sai ya miƙo mini makullin.

"Verna," ya ce, "kada ki kira Jolene sai mun isa. Ina so in ƙara ganin Arizona."