Zaɓin Baffa Layashi

Mufaddal ɗan Bushta ya dawo ƙauye daga Tanja da akwati ɗaya, da waya mai kyamara uku, da kuma tabbacin cewa mutanen tsaunin Jabala barci suke yi. Shekara goma sha shida ya yi yana naɗa wayoyin mota a masana'anta kafin a sallame shi. Ya tarar da mahaifinsa kwance cikin ciwon ajali, gādon kuwa bai wuce gida da 'yan itatuwan zaitun da nims guda biyu ba.

Nims dai kowa a nan ya san shi, ɗan siririn nan mai dogon jiki kamar tunku, mai wari, wanda ake zurawa ramin zomo ya koro zomaye su faɗa raga. Na gidan Bushta sun yi suna tun zamanin kaka, domin ba sa kashe zomo su kwanta barci a rami su bar mai su yana tono. Macen, Zaituna, toka-toka ce, ta fara manyanta. Namijin, Kayid, fari ne ƙato. Da tsohon ya ji mutuwa ta matso, bai yi maganar gida ko gona ba, sai ya riƙe hannun ɗansa ya ce, "Kada irin nan ya bar gidan nan a hannunka." Mufaddal ya yi alkawari yana kuka, kuma da gaske yake.

Farauta kam bai iya ba, ko ɗaura raga a bakin rami ya manta. Abin da ya sani shi ne, a Rabat da Kasablanka akwai masu ajiye nims a falo suna sa masa riga. Sai ya buɗe shafi a Fesbuk, ya raɗa masa "Gidan Nims na Zamani", ya rubuta Babban Darakta a ƙarƙashin hotonsa. Ya sayo keji mai hawa biyu da sabulun jarirai. Sauran aikin kamfani, wato kwashe kashi da canza ciyawa, ya faɗa kan matarsa Mannana.

Abin haushin shi ne, sana'ar ta karɓe shi. Zaituna ta haifi bakwai a bazarar farko. Ya ɗaura musu jan ƙyalle a wuya ya ɗauki bidiyo, cikin mako biyu duk suka bi motar haya zuwa birni.

"Darakta, ko mace ɗaya ba za ka bar mana ba?" in ji Mannana.

"Uwar na nan, uban na nan. Baɗi su sake."

"Ita uwar ta sa hannu a takarda?"

Ya ci gaba da ƙirga mabiya.

Daga nan kansa ya fara rawa. Ya lura mutane sun fi son bidiyon da aka ci wa wani fuska a ciki, sai ya shirya guda mai suna "Kurakurai biyar na tsofaffin mafarauta". Don ya samu misali, ya laɓe bayan itacen ɓaure ya ɗauki ƙanen mahaifinsa, Baffa Layashi, ta baya, tsohon ya duƙa cikin tsohuwar jallabarsa yana buɗe akwatin ɓawon itace da yake ajiye nasa nims a ciki. Bai nuna fuska ba, ya ɗauka hakan ladabi ne. Sai dai a ƙauyen nan babu wanda bai san ƙeyar Layashi ba. Tsohon ba shi da babbar waya, amma a gidan shayi masu son taimako suka nuna masa har sau uku. Ya dai daina biyowa ta ƙofar gidan ɗan'uwansa in zai je masallaci.

Tsakiyar sanyi wata mata daga Kasablanka ta ga Kayid a shafin ta ce shi take so. Mufaddal ya ce ba na sayarwa ba ne. Ta faɗi farashi, ya nemi kujera ya zauna. Ya lallashi kansa da cewa ai uwa ita ce iri, namiji kuwa ko ina akwai, ga wani ma a shafin da ya yi masa alkawarin fari ɗan Sifen kafin bazara. Kayid ya hau mota. Mai ɗan Sifen ya ci gaba da turo hotuna har wata biyu, sannan ya daina ɗaukar waya.

Rana ta fara tsawo, Zaituna ta shiga neman namiji. Wannan dabba tana da wani hali da duk mai kiwonta ya sani: in lokacinta ya zo ba ta samu namiji ba, abin ba ya wucewa, sai ya yi ta cin jininta har ya kwantar da ita. Mufaddal ya taɓa ji daga bakin mahaifinsa, ya kuma taɓa faɗa wa mabiyansa da muryar malamai. Bai dai taɓa kawowa ransa cewa zai faru a kamfaninsa ba.

Ya rubuta a shafi yana neman namiji. Aka turo masa alamar zuciya sama da ɗari biyu, wani ya ce a ba ta zuma. Waɗanda suka sayi 'ya'yan bara duk sun kai su an yi musu fiɗiya, haka ma Kayid. Likitan dabbobi na garin Wazzan ya ce shi shanu da tumaki ya sani. Gashin wutsiyarta ya fara zuba, ta daina tasowa in an buɗe keji.

Mannana ta ajiye masa kwanon baisara, wato faten wake, da safe ta tsaya a kansa.

"Malam Mufaddal, kamfanin kiwo mai mace ɗaya babu namiji, a wace makaranta ake koyar da shi?"

"Ina bincike."

"Namiji yana can saman tsauni, tafiyar rabin awa. Ka san gidan, ka ma ɗauke shi a hoto."

Kwana huɗu ya ƙara yana bincike. A na biyar ya ɗaga leɓen Zaituna ya ga dasashinta ya yi fari, tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba tun ranar jana'iza. Ya sa ta a kwando ya hau tsauni. A hanya ya shirya jawabi mai kyau, da ya hango ɓauren nan sai jawabin ya gudu.

Layashi yana zaune a ƙofar gida yana ɗinke raga. Ya amsa sallama, ya sa aka kawo shayi, ya tambayi Mannana, ya tambayi zaitun, ya yi maganar ruwan sama. Sai da aka sha kofi na biyu ya dubi aljihun Mufaddal.

"Kuskure na shida ka zo ɗauka? Bari in juya maka baya."

"Baffa, na yi wauta."

"Ka yi. Me ke cikin kwandon?"

Layashi ya ɗauko Zaituna da hannu ɗaya, ya duba baki, ya duba ƙarƙashin wutsiya. Nan zolayar ta bar fuskarsa.

"Mako nawa?"

"Uku. Ko biyar."

"Ina Kayid?"

"Yana Kasablanka."

"Allah ya jiƙan Bushta," in ji tsohon a hankali, kuma da zagi ya yi da ya fi sauƙi.

Ya buɗe akwatin ɓawon nan ya fito da namijinsa, baƙi, mai yagaggen kunne, ko suna ba shi da shi. Mufaddal ya sa hannu aljihu, Layashi ya tsare shi da ido har ya fitar da hannun.

"Ba a hayar namiji a tsaunin nan, ɗan Bushta. Mai namiji shi ke fara zaɓa cikin 'ya'yan, guda ɗaya, ranar da aka yaye su. Haka ubanka ya yi da ni, haka na yi da shi."

"Na yarda, Baffa."

Ɗaya cikin bakwai ai kyauta ce. Kafin ya sauko tsauni har ya gama tsara sanarwa a kansa.

Zaituna ta yi kwana goma a gidan Layashi tana cin hanta da gwaiduwar ƙwai, ta dawo da ɗan ƙarfinta. Da Mufaddal ya zo ɗaukarta tsohon ya ce, "Wannan ne cikinta na ƙarshe, in ma ta ɗauka. Ka gajiyar da ita." Mufaddal ya ji, amma da yamma ya rubuta a shafi cewa ana karɓar sunayen masu so, mutum goma sha ɗaya suka yi layi.

Bayan mako shida ta haihu. Mufaddal ya ɗaga ciyawa, ya ga ɗan jan abu guda kamar yatsa. Ya sake ɗagawa. Ya haska ƙarƙashin keji da fitilar waya, kamar sauran za su iya faɗuwa su ɓuya.

"Ɗaya ce," in ji Mannana. "Mace."

Ba ta yi masa ba'a ba a wannan rana, shi ma ya lura.

Wata biyun da suka biyo baya bai ɗauki bidiyo ko ɗaya ba. Yakan zauna gaban keji yana kallon 'yar ta yi gashi toka-toka irin na uwarta, ta buɗe ido, ta fara cizon ɗan yatsansa. Ta gano hannun jallabarsa, ta shige ta kafaɗa ta fito ta ɗaya hannun, ba ta tsayawa a tsakiya. Sai ya tuna mahaifinsa yana gwada 'ya'yan nims haka, ya ji ƙwalla. Ya so ta fiye da yadda ya kamata mutum mai shekara arba'in ya so abu mai wari. Kuma ya san ta wani ce.

Ana saura kwana ɗaya yaye, dabara ta zo masa, irin dabarar da ba ta zuwa wa kowa sai Darakta. Ya tafi kasuwar Alhamis a wani gari mai nisa, ya samo ɗan nims fari tas, mai ƙiba, mai jan ido, sa'an 'yar tasu. Lissafinsa mai sauƙi ne: in aka ajiye wa mutum fari da toka-toka, fari zai ɗauka. Shekara biyu yana ganin haka a shafinsa, babu wanda ya taɓa saɓawa.

"Kana so ka ce wa Baffa tagwaye ta haifa?" Mannana ta tambaya. "Matarsa ta zo barka, ta leƙa kejin."

"Sai in ce ɗayan yana ƙarƙashin ciyawa."

"Wata biyu? To ni ina wurin tanda, kada ka kira ni shaida."

Ya goga wa farin tsohuwar ciyawar Zaituna don ya ɗauki warin gida, ya sa su biyu a kwando, uwar kuwa ya rufe ta daban saboda ta so ta cire wa baƙon kunne.

Layashi ya zo da hantsi da akwatinsa a rataye. Ya zauna a tabarma, aka ajiye masa kwandon. Ya dubi ciki, ya dubi Mufaddal, ya sake duban ciki.

"Masha Allah. Sun ƙaru."

Ya ɗauki farin, ya auna shi a tafin hannu, ya shinshina, ya duba haƙora. Ya ajiye ya ɗauki 'yar tokar. Ya sake ɗaukar farin. Bai yi gaggawa ba, har shayinsa ya huce.

"Wannan farin kyakkyawa ne," in ji tsohon. "Ban taɓa sanin baƙin namijina yana da irin wannan baiwa ba. Zai yi kyau a waya. Na bar maka shi."

Ya buɗe hannun jallabarsa, 'yar tokar ta shige, ta bi ta bayan wuyansa ta fito ta ɗaya hannun. Ya sa ta a akwati ya rufe.

"Baffa," in ji Mufaddal, "na yi wa Baba alkawari."

"Na sani, ina tsaye a bakin ƙofa ranar. Bakwai ka samu bara, wa ka kira ya zaɓa?" Ya yunƙura ya miƙe da ƙyar. "Gwiwar nan ba ta son hawa da kaya. Ɗauko min akwatin."

Haka Mufaddal ya rataya akwatin ɓawon itace ya bi bayan tsohon, suka wuce ta gaban gidan shayi, masu zama suka bi su da kallo. Yana jin motsinta a haƙarƙarinsa har saman tsauni. A ƙofar gida ya miƙa akwatin, sannan ya kama bayani: tana son gwaiduwa ba ta son farin ƙwai, tana tsoron ƙarar tukunya, in ta yi cizo wasa take yi. Layashi, wanda ya yi shekara sittin yana kiwon nims, ya tsaya ya saurara har ƙarshe.

"Na ji," ya ce, ya shiga.

Da Mufaddal ya iso gida farin yana barci a kwando, cikinsa sama. Zaituna kuwa tana ta tona ciyawar keji, ta hau bene ta sauko, ta koma inda ta fara. Ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya rasa wa zai fara ba haƙuri, ita ko mahaifinsa da ke kwance a kabari bayan masallaci.