Rumbun Bashshar

Kwana arba'in da rasuwar Bashshar, mahaifiyarsa ta aika a kira mata abokinsa Mu'utasim. Za ta bar Irbid ta koma wurin 'yarta a Amman, ga kuma tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin matakala ta rasa yadda za ta yi da ita. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo har sau biyu, ta kasa ba shi.

Mu'utasim na ɗora ido a kanta ya gane ta. Shekara ashirin da suka wuce, suna jami'a, ita suke kira rumbu. A lokacin babu shafukan ɗora bidiyo irin na yau. In ka yi bajinta a wasan harbi na kwamfuta, sai ka naɗa, ka datse, ka sa kiɗa, ka tura rumbun Bashshar, sauran su kwasa daga can. Bidiyon minti uku kan ci wuni guda kafin ya sauka. Su goma sha ɗaya ke da kalmar shiga, kuma Bashshar ya kafa wa mutanen gidansu doka, ko wuta ta kama kada a kashe masa ita.

Ummu Bashshar ta kawo gahawa, ta zauna a kujerar roba tana kallonsa yana share ƙura da sauya wayoyi. Sai da la'asar ta yi kafin na'urar ta yarda ta tashi, tana gurnani kamar tsohon firji.

Komai na nan, kowa da jakarsa da sunan barkwancin da ya laƙa wa kansa. Ta ce ya nuna mata ɗanta. Ya gaya mata gaskiya, cewa babu fuskar kowa a ciki, wasan kawai ake gani, sai dai murya.

"To, kunna muryar," in ji ta.

Ya zaɓi wanda ba a sa wa kiɗa ba. Hoton dishi-dishi, wani soja na gudu a lungu. Sai ga Bashshar yana dariya, yana cewa, "Mu'utasim, kai fa ko bango aka tsayar maka sai ka kuskure!" Can daga nesa wata mace ta ɗaga murya tana cewa abinci zai huce, in bai taso ba za ta zare wayar kwamfutar.

Ummu Bashshar ta dafe baki. "Ni ce wannan?"

"Ke ce, Khalto," in ji shi, wato Inna.

"Kullum cikin yi masa faɗa nake a kan abin nan. Ban taɓa tambayarsa me yake yi ba."

Mu'utasim ya juya ga kwamfutar. Ya mayar da bidiyon zuwa farkonsa, suka sake saurara, sau huɗu.

Kafin magariba ya kwafe mata duk inda muryar Bashshar ta fito, ya zuba a wayarta, ya nuna mata inda za ta taɓa. Sauran ya tura wa tsofaffin abokan da ya iya samun lambarsu. Biyu suka amsa da addu'a. Na uku, daga Kanada, kiransa ya yi a waya.

Da zai tafi, ta ce ya ɗauki kwamfutar, ta fi dacewa da shi. Ya rungumo ta ya kai mota, ya ɗora a kujerar gaba, sannan ya koma ya taya ta ɗaure sauran kaya.